Tarihin Warware Matsalolin Alwatika da Kusurwa: Darasi ga Masu Tsara Manhajar Lissafi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ɗalibin ƙaramar sakandare yakan ci karo da ita a darasin lissafi. Ana ba shi alwatika, a ce kusurwa ta farko x ce, ta biyu 2x, ta uku kuma 3x, sannan a nemi ya faɗi girman kowace. Ɗalibin da ya riƙe ƙa'ida zai rubuta x + 2x + 3x = 180, ya tattara su zama 6x = 180, ya raba, ya sami 30. Kusurwoyin ke nan digiri 30 da 60 da 90. Aikin bai wuce layi uku ba, amma kowane ɓangare nasa daga wata al'umma daban ya fito. Adadin 180 gado ne daga masana taurari na Babila. Hujjar cewa jimlar kusurwoyin alwatika ba ta sauyawa ta Girkawa ce. Alƙaluman da aka rubuta daga Indiya suka taso. Dabarar daidaita ɓangarori biyu har a fito da adadin da ba a sani ba a Bagadaza aka tsara ta. Alamar daidaito ta bayyana a Ingila a 1557, harafin x kuma ya sami wannan matsayi a littafin wani Bafaranshe a 1637.

Manufar wannan muƙala ita ce bin sawun wannan ilimi daga harshe zuwa harshe, domin a ga yadda kowace al'umma ta karɓe shi, da irin kalmomin da ta sama masa, da abin da ya sa waɗansu kalmomin suka zauna waɗansu kuma suka ɓace. Dalilin yin haka a fili yake. Malamin da ke bayanin lissafi da Hausa a yau yana fuskantar matsalar da masu fassara na Bagadaza da Andalus da Sin suka fuskanta, kuma idan masu tsara manhaja ba su daidaita masa kalmomi ba, ɗalibi zai ci gaba da haddace layukan nan uku ba tare da ya iya faɗin dalilinsu da bakinsa ba.

2.0 Masar da Babila: Awo Kafin Hujja

Kalmar jometiri, wato fannin da Larabawa ke kira handasa, asalinta Girkanci ne, ma'anarta kuma awon ƙasa. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya danganta farkon fannin ga Masar, inda ambaliyar kogin Nilu kan ci iyakokin gonaki, ya zama dole a sake auna su domin a yanka haraji daidai.

Babbar shaidar da ta rage ta lissafin Masarawa ita ce takardar da ake kira da sunan Alexander Henry Rhind, wanda ya saye ta a Luksor a 1858, kuma mafi yawanta tana ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya. Wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafe ta wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya daga wani rubutu da ya girme ta da kimanin shekara 300. A mas'ala ta 51 an ba da fili mai siffar alwatika, gindinsa awo 4, tsayinsa awo 10. Magatakardan ya ɗauki rabin 4, ya ninka da 10, ya sami 20. Wannan ita ce ƙa'idar rabin gindi sau tsayi da ake koyarwa har gobe. A mas'ala ta 56 kuwa an nemi gangaren dala mai gindi kamu 360 da tsayi kamu 250. Masarawa ba su auna gangare da digiri. Tambayar da suke yi ita ce: idan an hau sama kamu ɗaya, tafi nawa bangon ya shiga ciki? Kamu ɗaya a wurinsu tafi 7 ne. Sai aka raba rabin gindi, wato 180, da 250, aka ninka da 7, aka sami tafi 5 da ɗaya bisa 25. A cikin takardar kuma akwai mas'alolin adadin da ba a sani ba, wanda suke kira da wata kalma mai ma'anar tsibi. Alal misali, tsibi da aka ƙara masa ɗaya bisa bakwai ɗinsa ya zama 19, nawa ne tsibin?

A Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, a kan allunan laka ake rubutu, kuma ƙidayarsu bisa sittin-sittin take. Wani allo da ke Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wanda aka rubuta wajen 1800 kafin Miladiyya, yana ɗauke da jeri 15 na adadin da suka dace da gefunan alwatika mai tsayayyiyar kusurwa. Jerin farko ya ba da 119 da 169, waɗanda abokin tafiyarsu shi ne 120. Wani allon kuma ya kawo mas'alar azara mai tsawon 30 da aka jingine a bango, kanta ya zame ƙasa da 6, aka tambayi nisan gindinta daga bangon. Tsayin da ya rage 24 ne. A ninka 30 da kansa a sami 900, a ninka 24 da kansa a sami 576, a ɗebe, saura 324, saiwarsa kuma 18. Ke nan magatakardan Babila suna aiki da ƙa'idar da ake jingina wa Pitagoras fiye da shekara dubu kafin haihuwarsa.

Daga Babila kuma aka gaji kasa da'ira kashi 360. Masana taurarinsu sun raba hanyar rana a sararin sama zuwa buruji 12, kowane kashi 30. Girkawa sun ari tsarin a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, daga nan ya bazu.

Abin lura game da waɗannan al'ummu biyu shi ne yadda suke koyarwa. Ana ba da misali da adadi na zahiri, a jera matakan aiki ɗaya bayan ɗaya cikin umarni: ɗauki rabi, ninka, ɗebe, ga amsa. Allunan ba su tsaya bayanin abin da ya sa matakan suke aiki a kowane hali ba.

3.0 Girka: Zuwan Hujja

Gudummawar Girkawa ita ce tambayar dalili. Marubutan baya sun ruwaito cewa Talis, mutumin Miletus da ke gaɓar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, ya auna tsayin dalar Masar ta hanyar inuwarta. Tushen dabarar shi ne cewa alwatika biyu masu kusurwoyi iri ɗaya, gefunansu ma gwargwado ɗaya suke bi. Idan sanda mai tsawon mita 2 ta yi inuwa mita 3, kuma a daidai wannan lokaci inuwar bishiya ta kai mita 18, to tsayin bishiyar mita 12 ne.

Wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya tattara ilimin magabatansa a birnin Iskandariya cikin littafi mai kashi 13. Kashi na farko yana da mas'ala 48, kuma akasarinsu a kan alwatika ne. Ya fara da bayanin ma'anar kalmomi, kamar ɗigo da layi da kusurwa, sannan ya kawo 'yan ƙa'idojin da za a yarda da su ba gardama, daga nan ya riƙa ɗora kowace mas'ala a kan wadda ta gabace ta. Mas'ala ta 5 ta tabbatar da cewa alwatika mai ƙafa biyu daidai, kusurwoyin gindinta ma daidai suke. Ta 47 ita ce ƙa'idar Pitagoras. Ta 32 kuma ita ce jimlar kusurwoyi.

Ya kamata malamai su lura da cewa Yuklid bai ambaci digiri 180 ba. Abin da ya tabbatar shi ne kusurwoyi uku na alwatika, in an haɗa su, daidai suke da tsayayyun kusurwoyi biyu. Hujjar da ake jingina wa almajiran Pitagoras a kan wannan ana iya faɗinta da Hausa ba tare da alama ko ɗaya ba. A ja layi ta kan tsinin alwatika, wanda zai yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. A wurin tsinin yanzu akwai kusurwa uku jere a kan miƙaƙƙen layi. Ta tsakiya ita ce kusurwar tsinin kanta. Ta hagu daidai take da kusurwar gindi ta hagu, domin gefen alwatikar ya ratsa layuka biyu da ba sa haɗuwa, haka nan ta dama daidai take da kusurwar gindi ta dama. Tunda ukun sun cika miƙaƙƙen layi, kuma miƙaƙƙen layi tsayayyun kusurwoyi biyu ne, magana ta tabbata ga kowace irin alwatika, babba ko ƙarama.

Da irin wannan ƙa'ida ta layin da ya ratsa layuka biyu Eratostenis ya kimanta kewayen duniya wajen 240 kafin Miladiyya. An san cewa a Aswan, ran da yini ya fi tsawo a shekara, rana kan tsaya tsaka ba inuwa. A Iskandariya kuwa a wannan lokaci inuwa tana nuna kusurwar da ta kai ɗaya bisa 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Ya ɗauki nisan garuruwan biyu a matsayin awo 5,000 na ma'aunin zamaninsa, ya ninka da 50, ya sami 250,000. Bayansa, wajen shekara ta 150 Miladiyya, Batalimus ya tsara jadawalin da ke ba da tsawon layin da ya haɗa bakin baka biyu na da'ira, daga rabin digiri har zuwa digiri 180. Wannan jadawali shi ne kakan waɗanda ɗalibai ke dubawa a yau.

4.0 Indiya da Bagadaza: Tsirkiya, Aljihu da Ɗori

Masanan Indiya suna da tsohuwar al'adar awo da igiya domin gina wuraren ibada, inda suke fitar da tsayayyiyar kusurwa da igiya mai awo 3 da 4 da 5, dabarar da magina ke amfani da ita har yau wajen fitar da harsashi. A shekara ta 499 Aryabhata ya kawo jadawali wanda ya yi aiki da rabin layin nan na Batalimus, abin da ya sauƙaƙa lissafi ƙwarai. Indiyawa sun kalli gutsuren da'ira kamar baka, layin da ya haɗa bakinsa biyu kuma suka kira shi da kalmarsu ta tsirkiya, wato jya ko jiva.

Da ilimin ya shiga Larabci sai aka ari kalmar yadda take, ta zama jiba. Amma rubutun Larabci ba ya nuna wasula a kullum, saboda haka baƙaƙen jim da ya da ba suka yi kama da wata sananniyar kalmar Larabci, jaib, wadda ke nufin wuyan riga ko aljihu. Da wannan karatu kalmar ta zauna. A ƙarni na 12 masu fassara zuwa Latin a Andalus suka fassara ma'anar da suka gani, suka ce sinus, wato lanƙwasar tufa, kuma daga nan sunan da ake koyarwa a makarantun sakandare ya samo asali. Kalmar aljihu ta Hausa ma daga wannan jaib ɗin take. Ke nan tsirkiyar Indiyawa ta rikiɗe ta zama aljihu a hanya, kuma ɗalibai a duniya sun shafe ƙarnuka suna haddace sunan da ya rabu da hoton da ya haife shi.

Aikin fassara a Bagadaza ya yi ƙarfi a zamanin Abbasiyawa. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara littafin Yuklid a zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya sake gyara shi a zamanin Ma'amun, daga 813 zuwa 833. Daga baya Is'haƙu ɗan Hunainu ya yi wata fassarar, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya duba ta ya gyara. Wannan ya nuna cewa kalmomin fannin ba su daidaita a zama ɗaya ba, sai da aka yi ta bita kusan shekara ɗari.

Wajen shekara ta 820 Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa a kan hisabin jabru da muƙabala, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta fito. Ya bayyana cewa ya yi shi ne domin bukatun jama'a, kamar rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙa magudanan ruwa. Jabru a Larabci ita ce kalmar ɗorin ƙashi, a lissafi kuma tana nufin cike giɓin ɓangaren da aka ɗebe wa wani abu ta hanyar ƙara irinsa a ɓangarorin biyu. Muƙabala kuwa, kalmar da Hausawa suka sani, ita ce fuskantar da ɓangarorin biyu a soke abin da suka yi tarayya a kai. Babu alama ko ɗaya a littafin. Adadin da ba a sani ba sunansa abu, ko saiwa, idan kuma an ninka shi da kansa sunansa dukiya.

A babin awo ya kawo mas'alar da ta haɗa alwatika da aljabara, wadda ta cancanci shiga kowace manhaja. Alwatika ce mai gefuna 13 da 14 da 15, ana neman tsayinta da girman filinta. A ɗauki 14 a matsayin gindi, a sauko da layi tsaye daga tsini. Ba a san inda ya sauka ba, don haka a kira nisansa daga gefen 13 abu, ragowar gindin kuma 14 ban da abu. Yanzu an sami alwatika biyu masu tsayayyiyar kusurwa da suka yi tarayya a tsayi ɗaya. Ta ɓangaren farko, tsayin da aka ninka da kansa shi ne 169 ban da dukiya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, bayan an yi ɗebewa daga 225, shi ne 29 da abu 28 ban da dukiya. A yi jabru, wato a ƙara dukiya a kowane ɓangare, sai 169 ya yi daidai da 29 da abu 28. A yi muƙabala, a soke 29, saura 140 daidai da abu 28. Abu ke nan 5 ne. A ɗebe 25 daga 169, saura 144, tsayi ya zama 12, girman fili kuma 7 sau 12, wato 84.

Bukatun addini ma sun ciyar da fannin gaba. Gano alƙibla daga gari mai nisa yana bukatar warware alwatika da aka zana a bayan ƙwallon duniya, wadda tsininta uku su ne garin da Makka da ƙuryar arewa ta duniya. A irin wannan alwatika jimlar kusurwoyi ta wuce digiri 180, domin ƙa'idar Yuklid ta shimfiɗaɗɗen fili ce. Albiruni ya kammala littafi a 1025 wanda a cikinsa ya fitar da alƙiblar birnin Gazna na Afganistan, Nasiruddin Aɗɗusi kuma, wanda ya rayu daga 1201 zuwa 1274, ya tsara awon alwatika a matsayin fanni mai cin gashin kansa. Idan aka yi wannan lissafi ga Kano, alƙibla tana faɗawa kimanin digiri 68 daga arewa zuwa gabas, wato gabas da ɗan karkata arewa.

5.0 Turai da Sin: Kalmomin da Suka Zauna da Waɗanda Suka Ɓace

Turawa sun karɓi Yuklid da farko ta hanyar Larabci. Adelard na Bath ya fassara shi zuwa Latin wajen 1120, Robert na Chester kuma ya fassara aljabarar Alkhawarizmi a 1145. An buga Yuklid da injin ɗab'i a karon farko a Benis ta Italiya a 1482. Har zuwa wannan lokaci Latin ne harshen ilimi, kuma mai sana'ar da bai iya shi ba ba shi da rabo a littafin.

A 1551 Robert Recorde, likita ɗan yankin Wales, ya wallafa littafin jometiri da Ingilishi domin talakawa, ya kuma ƙirƙiro kalmomi daga cikin harshen. Ƙaramar kusurwa ya kira ta mai kaifi, babba kuma dakusasshiya, alwatika mai gefuna uku daidai ya ba ta suna mai ma'anar uku-iri-ɗaya. Akasarin kalmomin nan ba su zauna ba, domin jami'o'i da marubutan da suka biyo baya sun ci gaba da na Latin da Girkanci, kuma su ne ɗaliban Nijeriya ke fama da haddarsu a yau. Abin da ya rage daga aikinsa shi ne alamar daidaito, wadda ya fito da ita a 1557. Cikakkiyar fassarar Yuklid da Ingilishi, ta Henry Billingsley, ta fito a 1570. A ƙasar Holan kuwa, Simon Stevin, wanda ya rayu daga 1548 zuwa 1620, ya nace wa rubuta lissafi da harshen ƙasarsa, kuma har yau mutanen Holan suna kiran fannin lissafi da yawancin siffofinsa da kalmomin gida.

A Sin, Matteo Ricci ɗan Italiya da masani Xu Guangqi sun fitar da fassarar kashi shida na farko na Yuklid a Beijin a 1607. Ricci yana bayani da baki, Xu yana rubutawa yana zaɓen kalma. Da yawa daga kalmomin da suka zaɓa, kamar na tsayayyiyar kusurwa da ƙaramar kusurwa da babba, littattafan baya sun riƙe su, kuma da su yaran Sin ke karatu. Sauran littafin sai a 1857 Alexander Wylie da Li Shanlan suka kammala shi.

Alamomi su ne suka zo a ƙarshe. François Viète ya tsara amfani da haruffa a 1591, René Descartes kuma a 1637 ya ware haruffan ƙarshen abacada ga adadin da ba a sani ba. Ke nan tsakanin littafin Alkhawarizmi da harafin x akwai fiye da shekara 800, kuma a mafi yawan wannan lokaci da jimloli ake warware mas'ala.

6.0 Abin da Tarihin Ke Nuna wa Masu Tsara Manhaja

Lissafi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, ta Larabci da ta boko. Ta ƙofar farko aka sami hisabi da rabon gado, aka kuma sami malamai irin Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan jera adadi cikin gidajen murabba'i, ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda ƙofofin biyu ne Hausa take da kalma biyu ga abu ɗaya a wurare da dama. Larabawa sun kasa daraja kashi 60 suka kira kowane daƙiƙa, suka sake kasa daƙiƙa kashi 60 suka kira saniya, wato ta biyu. Wannan tsarin ne ya iso ta Latin da Ingilishi a matsayin digiri da minti da sakan. Sakamakon haka a yau wani yana faɗin daƙiƙa yana nufin minti, wani kuma yana nufin sakan. A hira ba laifi, amma a takardar jarrabawa bambancin ninki 60 ne.

An yi ƙoƙari a baya. Shirin firamare na shekara shida da aka fara a Ife a 1970, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, ya koyar da lissafi da Yarbanci. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen yanki, a 1987 kuma aka buga ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsuna tara, har da Hausa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da janye wannan tsari da komawa ga Ingilishi. Ko da wane harshe doka ta zaɓa, malamin da ya ga ɗalibansa sun yi shiru da Hausa zai sake bayani, don haka bukatar daidaitattun kalmomi tana nan. Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, a fassara ma'ana, kada a bi kalma. Sunan da Ingilishi ya ba kusurwa mai digiri 90 ya yi kama da kalmarsa ta hannun dama, alhali asalin ma'anar ita ce tsayuwa kyam, kamar yadda take a Latin da Larabci. Wanda ya rubuta kusurwar dama ya maimaita kuskuren aljihu, kuma ɗalibi mai tunani zai tambayi inda kusurwar hagu take. Tsayayyiyar kusurwa ta fi dacewa.

Na biyu, a fifita kalmar da ke ɗauke da hoto, kamar baka da tsirkiya da saiwa da alwatika mai ƙafa biyu daidai. Inda aro ya riga ya zauna, kamar digiri, a bar shi.

Na uku, kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya tun daga firamare har kwalejin horon malamai, a littafi da jagoran malami da jarrabawa. Kalmomin Recorde ba su da aibi, rashin masu ɗauka ne ya kashe su.

Na huɗu, a bi jerin da tarihi ya bi. A fara da igiya da sanda da inuwa a filin makaranta, a zo ga hujja da baki, sannan a kawo alama. Kafin ɗalibi ya rubuta 6x = 180, a sa shi ya faɗa cewa abu da ninkinsa biyu da ninkinsa uku sun cika miƙaƙƙen layi.

7.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta bi tarihin warware matsalolin alwatika da kusurwa daga Masar da Babila zuwa Girka da Indiya da Bagadaza, har Turai da Sin. An ga cewa Larabci da Latin da Ingilishi da Sinanci duk sun taɓa kasancewa ba su da kalmomin fannin, sai da masana suka zauna suka samar da su, suka yi kuskure suka gyara, kuma waɗanda suka ɗore su ne waɗanda malamai da littattafai suka haɗu a kansu. Aikin da ke gaban masu tsara manhaja shi ne tattara kalmomin da ke warwatse a ƙamusoshi da littattafan aji, a gwada su a gaban ɗalibai da mas'aloli irin na azarar Babila da alwatikar 13 da 14 da 15, sannan a tsayar da jeri ɗaya da za a raba wa kwalejojin ilimi da masu wallafa littattafai.